Wace Manhaja Ta Dace Da Tsara Dokoki?

Rubuta doka ba kamar rubuta wasiƙa ba ne. Sashe guda yakan ambaci wasu sassa, in kuwa majalisa ta cusa sabo a tsakiya, tilas lambobi su canza, kowane ambato ya bi su. Manhajar buga takardu irin su Microsoft Word ba don wannan aka yi ta ba. Sau da yawa akawu ne ke bi da ido, alhali kuskuren lamba ɗaya yana iya kai mutane gaban alƙali.

Irin wannan matsala ce ta sa a 2004 wani shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na taimakon majalisun Afirka ya soma tsarin Akoma Ntoso, watau “zukata a haɗe” da harshen Akan na Gana. Tsarin yana sa wa kowane sashe alamar da kwamfuta ke ganewa. Ƙungiyar OASIS ta amince da shi a 2018, Hukumar Tarayyar Turai kuma ta gina manhajarta LEOS a kansa.

Saboda haka kafin ma'aikatar shari'a ta kashe kuɗin jama'a, ya kamata ta tambaya: manhajar tana nuna wanda ya yi gyara, da ranar da ya yi? Kuma in kamfanin ya rufe, dokokin za su buɗu a wata manhajar?