Takjil: kayan zaƙin da ƴan Indunusiya ke buɗa baki da su

Indunusiya ƙasa ce mai mutane sama da miliyan 270, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Da azumi, da zarar la'asar ta yi sanyi, sai ka ga bakin titi ya cika da masu tebura suna saida abin da suke kira takjil.

Kalmar daga Larabci ta fito, ta'ajil, wato gaggautawa, saboda sunnar nan ta gaggauta buɗa baki in rana ta faɗi. A hankali sunan ya koma kan ɗan abin zaƙin da ake fara sawa a baki kafin sallar magariba. Abinci mai nauyi sai bayan an idar.

Yawancin kayan nan abu uku ne tushensu: garin shinkafa, madarar kwakwa, da jan sukarin da ake dafawa daga ruwan itacen dabino irin nasu, mai kama da mazarƙwaila. Ga wasu daga ciki.

Klepon ƴan dunƙule ne na garin shinkafa mai danƙo, da jan sukari a tsakiya. Ana dafa su cikin ruwa, in suka taso sama sun nuna, sai a birkita su cikin gurzajjiyar kwakwa. Ka ciza, sukarin da ya narke ya fashe maka a baki. Nagasari kuwa, ayaba ce ake sawa cikin kwaɓin shinkafa, a naɗe da ganyen ayaba a turara. Kue lapis hawa-hawa ake turara shi, kowane hawa da launinsa. Getuk kuma dafaffen rogo ne da aka kirɓa da sukari. Sai kolak, wanda ya fi kowanne suna: ayaba da dankali cikin madarar kwakwa mai zaƙi.

A Jakarta, kasuwar Benhil ta yi fice wajen takjil, kuma masallatai da dama suna raba shi kyauta. Mata da yawa da wannan sana'ar suke samun kuɗin hidimar salla.

Sai dai fa zaƙin yana da yawa. Mai ciwon sukari ya yi hattara, ya nemi shawarar likita kafin ya ɗora irin wannan a kan cikin da ya wuni ba komi. Allah ya karɓi ibadunmu.