Mene ne bankin cimaka?

A Tondikandiya da ƙasar Kurfai, cikin gundumar Filinge, manomi kan sayar da gero da araha da kaka don biyan bashi, ya sake sayensa da tsada da damina. In rumbu ya ƙare, sai ya tafi ƙwadago gonar wani, ciyawa ta cinye tasa.

Bankin cimaka rumbun gari ne da ake kafawa don magance wannan matsala. Kwamitinsa kan sayi hatsi da kaka, ya ajiye, ya sayar da rahusa lokacin yunwa. Ƙungiyar manoma ta Mooriben na tallafa wa irinsa a jihohin Tillaberi da Dosso. Abin da ke kashe bankin shi ne cin bashi ba biya, ko fari da fara irin na 2004.