Sukarin da ke ɓoye cikin malmalar tuwo

Tun lokacin da gwamnatin Najeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba, bisa dokar kuɗi ta shekarar 2021, muhawara ba ta ƙare ba a majalisun hira, wasu na cewa an yi ne domin lafiyar talaka, wasu na cewa baitulmali kurum ake son cikawa. Abin da ya fi damuna a cikin wannan taƙaddama shi ne wani zato da ya ƙara kafuwa a zukatan jama'a, wai ciwon sukari yana cikin kwalba da kofin shayi kaɗai, saboda haka wanda ya ƙaurace musu ya tsira. Sau da yawa za ka ji dattijo mai hankali, wanda likita ya riga ya tabbatar masa da cutar, yana rantsuwa rabonsa da sukari tun bara, alhali ga malmala uku ta tuwon alkama a gabansa, domin an gaya masa alkama magani ce.

Haƙiƙanin al'amari, dawa da gero da masara da shinkafa da rogo da doya, har alkamar da accar da ake yabo, duk idan suka narke a hanji sukari suke komawa su shiga jini, ko da harshe bai ji zaƙinsu ba. Allah cikin hikimarsa ya halicci wata gaɓa a bayan tumbi mai fitar da sinadarin insulin, wanda aikinsa kamar na 'yan dako ne a kasuwa, su kwashe kaya daga kan hanya su shigar cikin rumfuna. Idan 'yan dakon suka yi ƙaranci, ko masu rumfa suka daina buɗe musu ƙofa saboda teɓa da rashin motsa jiki, sai kaya su jibge a hanya, kuma babu ruwan hanya da ko buhun alkama ne ko na shinkafa, yawansu ne ke cushe ta. Falalar alkamar da ba a cire wa dusa ba ita ce sukarinta yana shiga jini da ɗan jinkiri, amma malmala uku tana nan malmala uku. Abin da ke da fa'ida shi ne a rage tuwon, a yawaita miyar ganye, kuka ko zogale ko alayyafo, a haɗa da wake ko kifi, a kuma yi tafiyar ƙafa da ta kai minti 150 a mako.

Zuma ma, duk da albarkar da ba mai musunta, mafi yawanta sukari ne, kuma wajibi ne mai wannan lalura ya ƙiyasta ta cikin abincinsa. Haka nan masu yawo da lasifika a tasha suna cewa ɗacin shuwaka yana kashe zaƙin jini, har su sa bawan Allah ya ajiye ƙwayoyinsa na asibiti, suna ɗaukar alhaki babba, domin cutar tana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a asirce shekara da shekaru, sai gyambon da ya ƙi warkewa ya tona ta.

Hukunci a nan na awo ne. Ɗigon jini guda daga yatsa da safe kafin a karya, idan ya nuna 126 ko sama a ma'aunin miligiram, kuma aka maimaita wata rana aka sami haka, likita zai tabbatar da cutar. Da hukuma za ta ware wani kaso na wancan haraji ta wadata asibitocin sha-ka-tafi na ƙauyuka da na'urar awo da 'yan takardunta, da manomi da mai jego sun san halin da jininsu ke ciki tun kafin a kai ga maganar yanke ƙafa.