Hukuncin Taron Jama'a Ya Bar Makoki A Torankawa

A Torankawa, cikin karkarar noman rani ta Bunkure, Ƙaramar Sallar 2025 da makoki ta zo. A ƙarshen Maris 'yan banga suka tare mafarauta a Uromi ta Jihar Edo, suka ga bindigogin farauta, suka ce masu satar mutane ne. Taron jama'a ya kashe 16, da dama 'yan wannan ƙauye, ba alƙali ba shaida.

Hujjar masu irin wannan aika-aika ita ce wai kotu tana jan ƙafa. A Kano ma, cikin Janairun 2022, matasa sun ƙona makarantar wanda ake zargi da kashe Hanifa, 'yar shekara 5. Amma cikin Yulin shekarar Babbar Kotu ta yanke wa Abdulmalik Tanko hukuncin kisa.