Haƙƙin Yaro Mai Laushin Gaɓoɓi A Kan Iyayensa Da Malamansa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wannan mako muna so mu jawo hankalin 'yan'uwa Musulmi ga wata lalura wadda ta daɗe cikin gidajenmu, amma ba kasafai akan gane ta ba. Da wuya a rasa a unguwa yaron da kan tanƙwara babban yatsansa har ya taɓa sangalin hannunsa, ko ya ɗora ƙafa bisa ƙeya, yara su taru suna shewa, manya su ce wane ba shi da ƙashi a jiki. Da dare kuwa sai a ji wannan yaro yana kuka da gwiwa ko idon sawu, gari ya waye ya kasa tashi zuwa makaranta. A duba jikinsa, babu kumburi, babu zazzaɓi, sai a yanke masa hukunci a ce raggo ne, ko kuwa ƙarya yake yi don gudun aike. Muna tsoron cewa da yawa daga cikinmu sun ɗauki alhakin irin waɗannan yara ba su sani ba.

Imam Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana an halicci kowane ɗan Adam da gaɓoɓi 360. A wani hadisin kuma, wanda aka karɓo daga Abu Zarri, an nuna cewa akwai sadaka a kan kowace gaɓa kowace safiya, kuma raka'a biyu na sallar walha suna isar wa mutum. Har wa yau, a Suratul Insan, aya ta 28, Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci ƙarfafa ɗaurin halittar mutum cikin ayyukan ikonSa. Ashe ke nan ɗaurin gaɓa ni'ima ce wadda mai lafiya ba ya lura da ita. Wanda aka jarraba da sassaucin wannan ɗauri shi ya san darajarta.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Kowace gaɓa jijiyoyi ne suke ɗaure da ita, kamar yadda igiya take riƙe da tankar ɗaki. Waɗannan jijiyoyi, da fata, da bangon hanyoyin jini, duk an saƙa su da wani sinadari da likitoci suke kira kolajen. A jikin waɗansu mutane saƙar tana da sassauci tun daga haihuwa, saboda haka gaɓarsu takan wuce iyakar da ta sauran mutane take tsayawa. Wannan ya fi yawa ga yara da mata, yana kuma raguwa da shekaru. Bincike ya nuna ya fi yawa ga mutanen Afirka da Asiya bisa Turawa, har wani nazari da aka buga a 1994 ya sami laushin gaɓa ga fiye da kashi 40 cikin 100 na mutanen da aka gwada a ƙasar Yarabawa.

To, a nan ya kamata mu yi hattara. Yawancin masu laushin gaɓa lafiyarsu ƙalau, babu abin da yake damunsu, kuma ba daidai ba ne a tayar wa iyayensu hankali. Ana kiran abin lalura ne idan ya zo da ciwo mai dawowa, da yawan targaɗe, da gocewar gaɓa, da gajiya wadda ta wuce kima. Dalilin gajiyar kuwa shi ne, aikin da jijiya ta kasa yi naman jiki ne yake ɗaukarsa, yana ta ƙoƙarin riƙe gaɓa tun safe har dare. Irin wannan yaro yakan yi jinkirin fara tafiya, yakan yawaita tuntuɓe da sakin kwano, yatsunsa su yi masa zafi idan ya daɗe yana rubutu. Waɗansu kuma sukan ji jiri idan sun miƙe tsaye, ko su yi fama da ciwon ciki.

Wani likitan fata na ƙasar Denmak, Edvard Ehlers, ya yi bayanin mai irin wannan jiki a 1901, sa'an nan wani likitan Faransa, Henri-Alexandre Danlos, ya ƙara bayani a 1908, shi ya sa ake kiran wani rukuni na waɗannan cututtuka da sunayensu biyu. A 2017 masana suka kasa rukunin gida 13. Wanda ya fi yawa shi ne na laushin gaɓa, kuma shi babu gwajin jini da yake tabbatar da shi, sai dai likita ya duba jiki ya kuma tambayi tarihin dangi. Ma'aunin da ake amfani da shi ana jingina shi ga Peter Beighton, wanda ya yi aiki da shi a Afirka ta Kudu a 1973. Maki tara ne: ƙaramin yatsa na kowane hannu, babban yatsa na kowane hannu, gwiwar hannu biyu, gwiwar ƙafa biyu, da kuma iya dafa ƙasa da tafin hannu ba tare da lanƙwasa gwiwa ba. Ga yaron da bai balaga ba, sai maki ya kai shida ake lissafa shi cikin masu laushin gaɓa.

KADA A ƊORA WA UWA LAIFI

Wannan hali gadonsa ake yi. A nau'o'insa da aka fi samu cikin mutane, idan uba ko uwa yana da shi, kowane ciki yana iya zuwa da shi ko ya zo babu, rabi da rabi, kuma gadon ta wajen uba daidai yake da ta wajen uwa. Waɗansu nau'o'i da ba kasafai ake samunsu ba ne suke bayyana sai an gado daga iyaye biyu, su ne kuma auren zumunci yake iya ƙara yiwuwarsu. Amma mun san halinmu: da yaro ya zo da wata lalura sai dangin miji su ce daga gidansu matar ne, wani lokaci har a kai ga saki, ko a zargi kishiya da sammu.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mutum da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin damuwa don matarsa ta haifi ɗa wanda launinsa ya saɓa da nasu. Sai Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan launi ya fito, sai shi da kansa ya ce watakila daga wani kaka ne na can baya. Annabi ya nuna masa cewa ɗansa ma haka ne. Wannan hadisi ya ishe mu darasi. Gado hukuncin Allah ne, babu wanda ya zaɓi abin da zai ba ɗansa a jini. Sau da yawa ma idan aka bincika sai a tarar uban da yake faɗa shi ne yake yin wasan tanƙwara yatsu yana yaro.

NEMAN MAGANI

Haƙƙi na farko da wannan yaro yake da shi a kanmu shi ne mu gaskata shi idan ya ce yana jin ciwo. Na biyu, mu kai shi asibiti, domin hadisin Usama ɗan Sharik, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, ya umurce mu da neman magani. Magabatanmu ma ba su raba kula da addini da kula da jiki ba: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi a kan maslahar mutum ta addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Zuwa asibiti ya ƙara zama wajibi a ƙasarmu don ciwon gaɓa ga yaro yana iya zama amosanin jini, watau sikila, ko wata cutar dabam, kuma likita ne zai bambance. Lalle a gaggauta idan fatar yaro tana jawuwa fiye da kima, ko rauni ba ya warkewa da wuri, ko jini yana kwanciya a jikinsa ba da wani bugu ba, ko yana da tsawo ƙwarai da dogayen yatsu da raunin gani, ko kuwa an taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi a dangi. Waɗannan suna iya zama alamun nau'in da yake taɓa zuciya da hanyoyin jini.

Babu maganin da yake sauya saƙar jiki, amma akwai abin da yake sauƙaƙa rayuwa ƙwarai, shi ne ƙarfafa naman da yake kewaye da gaɓa ta hanyar motsa jiki a hankali, kullum, bisa koyarwar ma'aikatan sashen gashi. Akwai irin wannan sashe a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da manyan asibitocin koyarwa. Kwantar da yaro a ɗaki da hana shi wasa kuskure ne, don naman jiki yakan ƙara rauni, ciwo ya ƙaru. A bar shi ya yi tafiya, ya hau keke, ya huta kafin ya galabaita. A saya masa takalmi mai riƙe dunduniya maimakon silifa. A rage masa tulu da farantin talla mai nauyi. A kuma hana shi wasan nuna gaɓoɓi don a yi dariya, ko da ana ba shi kuɗi.

Game da maɗora, ba mu musun amfaninsu ga jama'a, amma gaɓar da take gocewa don sassaucin jijiya ba karaya ba ce. Ja da murɗa da ɗauri mai tsanani suna iya ƙara mata lahani, tsaga kuwa haɗari ce ga mai fatar da ba ta warkewa da wuri. Hadisi ya tabbata a littafin Abu Dawuda cewa wanda ya yi magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, shi ne da lamunin abin da ya ɓata. Addu'a da tofi na ayoyin Alƙur'ani alheri ne, a yi su tare da zuwa asibiti.

SAUƘIN DA SHARI'A TA YI

Ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar da cewa Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Imrana ɗan Husaini ya kai kukan rashin lafiyarsa ga Annabi, aka ba shi izinin yin salla a zaune idan ya kasa tsayuwa, ko a kishingiɗe idan ya kasa zama, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. A mazhabarmu ta Malikiyya, siffar zaman tahiya mustahabbi ce, saboda haka yaron da idon sawunsa yake masa zafi ya zauna yadda ya sawwaƙa, sallarsa ta yi. Wanda aka ɗaure wa gaɓa kuma, idan kwancewa za ta cutar da shi, ya yi shafa bisa ɗaurin wajen alwala. Azumi bai wajaba ga yaro ba sai ya balaga, don haka kada a tilasta wa mai yawan jiri don a ce ɗan wane ya kai talatin. Bayan balaga, idan likita amintacce ya ce azumi zai cutar da shi, ayoyin azumi sun ba mara lafiya damar sha da ramuwa. Abin da muke gudu shi ne yaro ya tashi yana ganin salla azaba ce, alhali Ubangijinsa Ya yi masa rangwame mu ne muka hana shi.

Ga malamanmu na allo da na Islamiyya da na boko, muna roƙo da girmamawa. Zaman sa'o'i a ƙasa da ƙafa a naɗe yana wahalar da wannan yaro, a bar shi ya miƙe ƙafa ko ya tashi ya ɗan taka. Idan rubutunsa ya munana, a duba yadda yatsunsa suke lanƙwashewa kafin a ɗauki bulala, a naɗa wa alƙalaminsa ƙyalle ya yi kauri. Horon kama kunne, da tsallen kwaɗo, da finciko yaro ta hannu, suna iya gusar da kafaɗa ko gwiwa nan take. Wajibi ne kuma uba ya taka da kansa ya yi wa malam bayani, domin malam ba zai san gaibu ba.

Sai maganar suna. Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi. Imam Ahmad ya ruwaito cewa wata rana Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau itace, iska ta bayyana sirantar ƙwaurinsa, mutane suka yi dariya, sai Annabi ya sanar da su cewa ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'auni. Aɗa'u ɗan Abi Rabah kuwa gurgu ne, amma shi ne mai ba da fatawa a Makka a zamaninsa. A riƙa ba yaro waɗannan labarai, a nema masa karatu da sana'ar da ta dace da jikinsa.

Daga ƙarshe, a tuna da sauran 'ya'ya. Idan an rage wa ɗaya aiki, a gaya wa 'yan'uwansa dalili, a ba shi wani aikin da zai iya, kamar tsince shinkafa ko biya wa ƙanne karatu, don kada ƙiyayya ta shiga tsakani. Idan kuma uwar ce take ɗauke da lalurar, ga daka ga ɗibar ruwa ga goyo, to miji ya sani kukanta na ciwon baya da ƙugu gaskiya ne, taimakonta kuma yana cikin kyakkyawan zama da aka umurce shi da shi. Hadisi ya yi bushara cewa babu gajiya ko ciwo da zai sami Musulmi, har ƙayar da ta soke shi, face an kankare masa zunubi da shi. Wannan lada na mai haƙuri ne, mu kuwa da aka ba mu kiwonsa za a tambaye mu yadda muka riƙe shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke amana. Wassalamu alaikum.