FARIN CIKON HAƘORI: ABIN DA YA SA AKE YINSA HAWA-HAWA

A da, in haƙori ya yi kogo, akan cike shi da haɗin azurfa da zaiba. To, amma zaiba tana gurɓata ƙasa da ruwa, shi ya sa a 2013 ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata, wadda ta bukaci a rage amfani da wannan haɗi. Saboda haka jama'a za su riƙa cin karo da farin ciko, mai launin haƙori.

Yadda yake sandarewa

Wannan ciko haɗi ne na wani irin danƙo da garin gilashi mai laushi ƙwarai. Wani masani a Amurka, Rafael Bowen, shi ne ya samar da danƙon a farkon shekarun 1960. Likita yakan cusa shi cikin kogon yana da taushi, sa'an nan ya haska shi da ’yar fitila mai shuɗin haske. Hasken ne yake tayar da wani sinadari a cikinsa, har ya sandare.

Inda hatsarin yake

Haske yana raguwa gwargwadon yadda yake ratsa cikon. Ga irin da aka saba da shi, ba ya sandarar da abin da ya wuce kaurin milimita 2 sosai. Wasu sababbin iri sukan kai milimita 4. In aka tula shi gaba ɗaya cikin kogo mai zurfi, sai sama ya yi tauri, ƙasa kuwa yana nan ɗanye, kamar masar da wuta ta yi wa yawa. Ido ba ya gane wannan. Daga baya ɗanyen sinadarin yakan tsatso ya dami jijiyar haƙori, mutum ya ji zogi in ya tauna abu ko ya sha ruwan sanyi. Cikon yana iya tsagewa, ruɓa kuma ta sake kamawa a ƙarƙashinsa.

Launi mai duhu, da nisan fitila daga haƙori, da dauɗa a bakinta, duk suna rage zurfin sandarewa.

Abin da ya kamata a yi

Likita yakan bi dabarar magini: ya ɗora hawa ɗaya, ya haska shi kamar daƙiƙa 20 zuwa 40, kafin ya ɗora wani. Don haka:

1. A je wurin likitan haƙori mai rajista kaɗai.
2. Kada a matsa masa ya gaggauta.
3. A tsaya cik lokacin haskawa, kada kuma a ƙura wa hasken ido, domin yana cutarwa.
4. In zogi ya ƙi lafawa, ko ya ƙaru, a koma asibiti.

Ma'aikatan asibiti kuwa, wajibi ne su riƙa goge bakin fitila, suna kuma auna ƙarfinta a kai a kai. Jama'a, a tuna: sauri ya haifi nawa.