Ciwon Da Ke Ɓoye A Fitsarin Raƙumi

Wanda ya san ƙasar Adabka da sauran garuruwan Bukkuyum, Anka da Gummi ya san darajar raƙumi. Shi ke jan garma da damina, shi ke kai hatsi kasuwa da kaka, in ya tsufa kuma mahauta su saye shi. Saboda wannan muka ga ya kamata mu jawo hankalin malamai kan wata cuta da likitoci ke kira leftosifairosis.

Wani likita Bajamushe, Adolf Weil, shi ya bayyana alamunta ga mutum cikin 1886, likitocin Jafan kuma suka gano ƙwayarta cikin 1915. Ƙwayar siririya ce, murɗaɗɗiya, ba a ganinta sai da madubin likita. Mazauninta ƙodar dabba, watau ɓera, da kare, da saniya, da raƙumi, daga nan take fita tare da fitsari. Rana da bushewa suna kashe ta da sauri, amma in ta sami kududdufi ko dausayin fadama sai ta yi makonni tana raye. To, ƙasar da Gulbin Zamfara ya ratsa ba ta rasa irin waɗannan wurare, balle shekarar ambaliya, kamar yadda Gummi ta gani cikin 2024.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, raƙumi dabba ce mai haƙuri, sau da yawa ba ya nuna kome. Yana kiwo, yana aiki, alhali yana zuba ƙwayar a mashayar da shanu da yara ke shiga. Wani lokaci ne kaɗai a kan ga zazzaɓi, ko fitsari ya yi ja, ko nono ya ragu, ko taguwa ta yi ɓari. Mai ita sai ya ce asara ce kawai, ya ɗauke ɗan da hannu tsirara, ya yar bayan gari.

Ga mutum kuwa, ƙwayar tana shiga ta ƙujewa ko faso, ko ta ido da baki. Bayan mako ɗaya ko biyu sai zazzaɓi, da ciwon kai, da jan ido, da ciwon sharaɓa mai tsanani. Kowa sai ya ce cizon sauro ne, gama lokacinsu ɗaya. Yawanci su kan warke, amma waɗansu shawara ta kan kama su, ƙoda ta tsaya. Wani ƙiyasi na 2015 ya nuna mutum wajen miliyan ɗaya ke kamuwa a duniya kowace shekara, kusan 59,000 su rasu. Alhali kuwa penisilin ko doksisaikilin suna maganinta in an fara da wuri.

Masu neman fitsarin raƙumi don magani, muna roƙonsu su lura, ta nan ɗin ne ƙwayar ke fita, lafiyar da ido ke gani ga dabba kuwa ba shaida ba ce. Nono ma a tafasa shi.

Malamin makaranta na iya gaya wa yara su bar wanka inda dabbobi ke sha. Malamin ofis ya tuna wa hakimai da dagatai zancen raba mashayar dabbobi da rijiyar mutane, da kashe ɓeraye a rumbuna, da sa mahauta su rufe rauni kafin fiɗa. In taguwa ta yi ɓari a binne ɗan, a kira malamin dabbobi. Wanda zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin sauro kuwa, ya koma asibiti, ya faɗa wa likita sana'arsa da irin ruwan da ya shiga cikin makonnin da suka wuce.